Tara Ƙananan Motoci da Haɗa Su da Hannu: Daga Kwali Zuwa Kabad

Duk wanda ya tashi a garin da ake noman dawa ya san motar kara. A samo kara busasshe, a ɓare bawonsa a yi ƙusoshi da shi, a yayyanka tsokar ciki a tayar da bodi, a yanko tayoyi daga tsohon silifa. Waɗanda hannunsu ya faɗa sai su wuce zuwa motar langa-langa mai dogon sitiyari, wadda ake turawa ana tafe a bayanta. Abin da ke sa yaro ya wuni a gindin bishiya yana gyara bambar motar kara, shi ne dai ke sa dattijo a Japan ko Jamus ya kwashe wata guda yana fentin motar da tsawonta bai kai taƙi ɗaya ba. Kayan aikin ne suka bambanta, da kuma cewa ta biyun an auna ta daidai da motar gaske, ƙofa da ƙofa, fitila da fitila.

Wannan sha'awa reshe biyu gare ta. Akwai masu tara motocin zubin ƙarfe, waɗanda ke zuwa a haɗe da fentinsu, sai dai a saya a adana. Akwai kuma masu sayen mota a wargaje cikin kwali, gutsattsarin roba ɗari ko fiye, su yanke, su goge, su yi fenti, su haɗa. Zan bi ta kan duka biyun, amma zan fi daɗewa a kan na biyu, domin a can ne sabon shiga ya fi yin asarar kuɗi da karyewar zuciya.

Fara da fahimtar ma'auni

Lambobin da kake gani a jikin kwali, irin 1:24 ko 1:43, suna nufin sau nawa aka rage motar gaske. Ɗauki Fijo 504, wadda kamfanin PAN ya yi ta haɗawa a Kaduna tun daga 1975. Tsawonta ya kai kimanin mita huɗu da rabi, wato santimita 449. A ma'aunin 1:18 za ta fito kusan santimita 25. A 1:24 ta kusa 19. A 1:43 ta ɗan haura 10, a 1:64 kuwa santimita 7 ce kacal, ta shige aljihun riga. Ka lura, idan lambar ta ƙaru, motar raguwa take yi.

Kowane ma'auni da mutanensa. 1:64 shi ne na Hot Wheels da Matchbox da Tomica da Majorette, mafi araha kuma mafi sauƙin samu. Sai dai waɗannan ba kullum suke cika 1:64 daidai ba, domin ana yin su ne su dace da girman fakiti, shi ya sa za ka ga ƙaramar mota da babbar tirela tsawonsu ɗaya. Matchbox da Tomica sukan rubuta ainihin ma'aunin a ƙarƙashin motar, ka juya ka duba. 1:43 ya samo asali ne daga ƙananan jiragen ƙasa na wasa a Ingila, inda aka fara yin motocin don a jera su a gefen layin dogo, kuma har yau shi ne ma'aunin da masu tarawa a Turai suka fi riƙewa. 1:18 manya ne, ƙofofi da bonet suna buɗewa, amma goma daga cikinsu sun cinye maka kanta guda. 1:24 kuwa shi ne gidan motocin haɗi. Amurkawa suna da nasu 1:25, wanda bambancinsa da 1:24 sai mai ido ke ganewa.

Shawarata ita ce ka tsaya a ma'auni ɗaya, ko biyu in ta matsa. Kabad ɗin da aka cakuɗa manya da ƙanana ba ya nuna komai, alhali jin daɗin abin shi ne ka ajiye Marsandi kusa da Bitil ka ga bambancin girmansu kamar yadda yake a titi.

Me za ka tara?

Kafin ka kashe ko sisi, yanke shawarar abin da kake nema. Wanda ke sayen duk abin da ya gani zai wayi gari da buhun motoci da babu wadda ya damu da ita. Wani yakan ɗauki kamfani ɗaya, wani zamani ɗaya, wani motocin tsere, wani motocin haya ko na kwana-kwana. Abin da na fi so shi ne mutum ya tara motocin da yake da tarihi da su: 504 ɗin da mahaifinsa ya riƙe, 404 a-kori-kura da ke kai kaya kasuwar ƙauye, Land Cruiser, Hilux, Bitil. Irin waɗannan ana samunsu. Kamfanin Norev na Faransa ya yi 504 a 1:43, haka ma reshen Dinky na Faransa tun motar tana sabuwa.

Sanin kamfanonin yana taimakawa wajen gane abin da ka riƙe a hannu. Dinky Toys ya fito a 1934 daga kamfanin Meccano na Liverpool. Matchbox na kamfanin Lesney ne a Landan, ya fara a 1953, da motocin da ke shiga kwali mai kama da gidan ashana. Corgi ya biyo baya a 1956, ya yi suna da sanya gilashi a tagogi lokacin da na Dinky ramuka ne kawai. Majorette ya fara a yankin Lyon a 1961, kuma dangi ɗaya ne da masu Norev, wanda sunansa ma sunan gidansu ne, Véron, aka karanta daga baya zuwa gaba. A 1968 Mattel na Amurka ya fito da Hot Wheels guda 16, masu siririyar sandar taya da ke sa su gudu fiye da na kowa, abin da ya tilasta wa Matchbox sauya tayoyinsa. Tomica na Japan ya zo a 1970. Yau Hot Wheels da Matchbox gida ɗaya suke, tun da Mattel ya mallaki Matchbox a 1997.

Idan za ka saya, juya motar ka karanta ƙasanta. A nan ake rubuta sunan kamfani, sunan motar, ƙasar da aka yi ta, da shekara. Shekarar nan ta ranar da aka yi rajistar siffar ce, ba lallai ta zama shekarar da aka zuba wadda ke hannunka ba, don haka kada wani ya sayar maka da mota da tsada don an rubuta 1970 a cikinta. Tsofaffin Hot Wheels na 1968 zuwa 1977 ana gane su da jan zobe a gefen taya. Tun 1995 kamfanin ke ɓoye wasu 'yan kaɗan da ake kira Treasure Hunt a cikin katan-katan na yau da kullum, kuma mafi daraja a cikinsu suna da tayar roba mai laushi da fenti mai ƙyalli da alamar TH.

Wurin 'yan gwanjo, inda ake zube kayan wasan yara da suka zo cikin dila, shi ne inda mai haƙuri ke tsintar abin kirki da kuɗi kaɗan. Duba tayoyi huɗu su cika, sandar taya ba ta lanƙwashe ba, gilashi bai fashe ba. Ƙujewar fenti ba matsala ba ce. Abin gudu shi ne jikin da ya yi ƙananan tsage-tsage kamar busasshiyar laka, ko ya kumbura har ƙofa ba ta rufuwa. Ana zuba waɗannan motoci ne da gamin tutiya da alminiyam da ɗan jan ƙarfe, kuma idan dalma ta gurɓata gamin tun a masana'anta, ƙarfen yakan riƙa ruɓewa daga ciki har ya farfashe. Ba shi da magani, kada ka saya.

Zaɓen motar haɗi ta farko

Manyan masu yin motocin haɗi na roba suna yankin Shizuoka na Japan: Tamiya, Aoshima, Hasegawa da Fujimi. Tamiya ya faro ne a 1946 a matsayin kamfanin katako kafin ya koma roba. Akwai kuma Revell, da Heller na Faransa, da Italeri na Italiya, da AMT na Amurka. Don motar farko, ina ba da shawarar Tamiya 1:24 ba tare da wata tantama ba, saboda sassansa suna shiga juna ba tare da kokawa ba, takardar bayaninsa kuma zane ne da kowa zai bi ko bai iya harshen ba. Suna da Bitil ta 1966, da Land Cruiser 80, da Fijo 405 ta tseren Paris zuwa Dakar, wadda Ari Vatanen ya ci gasar da ita a 1989 da 1990, a shekarun da tseren ke ratsa Agadas da hamadar Tenere. Sai dai motar tsere sitika ta yi mata yawa, ka bar ta sai hannu ya saba. Nemi mota mai launi ɗaya, in da hali wadda ba ta da inji a ciki, bonet ɗinta a rufe yake. Sassanta ba su da yawa, za ka gama ta, kuma gamawar nan ita ce abin da ake nema a karon farko.

Yawanci sai an yi odar kwalin ta intanet ko an ba wa matafiyi saƙo. Ka sani gwangwanin fenti na feshi ba ya hawa jirgin sama cikin kaya, don haka fenti a gida za ka nema.

Kayan aiki

Ba sai ka tara da yawa ba. Ƙaramar filaya mai yankan waya, irin ta masu gyaran wayar hannu, wadda gefenta ɗaya a shafe yake. Wuƙar aiki mai siririn baki da ake sauya mata reza. Hantsaki. Samfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, wadda ake samu wurin masu sayar da fentin mota. Yawan lambar, yawan laushinta. Buroshi biyu, siriri da mai faɗi. Salatif na takarda. Tsinken sakace da tsinken auduga na goge kunne, waɗanda za ka yi amfani da su fiye da yadda kake zato.

Gam iri uku ne, kowanne da wurinsa. Gam ɗin roba, irin Tamiya Extra Thin, ba manne abu yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya. Shi ya sa ake haɗa sassan tukuna, sannan a taɓa bakin buroshi a layin haɗin, ruwan ya bi layin da kansa. Ba ya kama fenti, ba ya kama ƙarfe. Sufa-gulu na sassan da aka riga aka yi wa fenti ne da na ƙarfe. Farin gam na kafintoci kuwa shi ne na gilashi da fitilu, domin yana bushewa garau kuma ba ya cin roba.

Daga buɗe kwali zuwa shirya bodi

Da ka buɗe, kada ka yanke komai. Karanta takardar daga farko har ƙarshe, ka duba kowane sashe yana nan. Sassan suna maƙale a jikin firam na roba, kowanne da lambarsa a gefensa, kuma da zarar ka cire shi lambar ta rabu da shi. Saboda haka cire abin da matakin da kake kai yake buƙata kawai. Wanke firam ɗin duka da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke don cire maiƙon masana'anta, ka bar su su bushe a inuwa.

Wajen yanka, kada ka murɗe sashe da hannu, zai bar rami ko farin tabo. Yanke nesa kaɗan da jikinsa, ka bar ɗan tsini, sannan ka share tsinin da wuƙa da samfefa 600. Wuƙar tana tafiya ne nesa da yatsanka, ba wajensa ba. Kafin gam ya taɓa komai, gwada haɗa sassan a bushe ka ga yadda suka zauna. Wannan ɗabi'a ita ce ke raba aikin da ya yi kyau da wanda aka yi ta faci.

Yanzu ɗauki bodin ka kai shi wurin haske. Za ka ga wani siririn layi da ya bi ta kan mudgad, ya hau gefen rufi, ya sauka ta baya. Wannan sawun inda ɓangarorin mazubi suka haɗu ne, babu shi a motar gaske, kuma fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake yi. Goge shi da 600, ka bi da 1000, kana jiƙa samfefar da ruwa. Ka kula kada ka share hannun ƙofa ko rubutun sunan motar. Idan akwai ɗan lotsawa, cike da fotin roba, ka bar shi ya kwana, ka goge. Daga nan bi layukan ƙofofi da bonet da bayan bakin wuƙa sau uku ko huɗu a hankali don su ƙara zurfi, saboda fenti zai cike wani ɓangarensu. A ƙarshe bi jikin duka da 1000 sama-sama don fenti ya sami abin kamawa, ka sake wankewa, kada kuma ka ƙara taɓa shi da yatsa.

Fenti, inda aikin yake

Mutum zai yafe maka kujerar da ta karkace a ciki, amma bodi shi ido ke fara sauka a kai. A nan ne za ka kashe rabin lokacinka, kuma mafi yawansa jira ne.

Fenti iri uku ake amfani da su. Akwai akirilik, mai saurin bushewa da ƙarancin wari, wanda ya dace da buroshi a kujeru da inji. Akwai enamel, wato fentin mai, mai sheƙi amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri. Akwai laka, wato fentin da ake kira lacquer da Turanci, wanda ya fi kowanne ƙarfi da kyau a bodi, kuma tinarsa ta fi zafi. Ƙa'idar ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. Kana iya ɗora enamel ko akirilik a kan laka, amma in ka fesa laka a kan enamel sai ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka.

Gwangwanin feshi da ake sayarwa a kasuwa don babura da ƙofofin ƙarfe yana iya aiki, sai dai tinar wasunsu tana cin roba. Na taɓa rasa bodi guda a haka, cikin minti biyu fuskarsa ta yi ƙurji ko'ina, kuma babu gyara. Tun daga ranar ba na fesa wani sabon fenti sai na gwada shi a kan farin cokalin roba irin na cin abinci a biki, domin yawancinsu robarsu ɗaya da ta motar. Fesa wa cokalin duk abin da za ka fesa wa motar, bi da bi, ka bar shi kwana biyu. In ya tsira, motar ma za ta tsira.

Lanƙwasa hangar waya ta zama mariƙi, ka maƙale ta a cikin bodin da salatif. Fara da fentin shimfiɗa, wanda masu fentin mota ke kira firaima: toka-toka don launuka masu duhu, fari don ja da rawaya da fari. Shi ne ke kare robar, shi ke riƙe launi, shi ke tona duk wani karce da ya rage. In ka ga aibi, goge, ka sake fesawa. Bayan ya kwana, shafe shi da 2000 a hankali.

Girgiza gwangwanin launi minti biyu cikakku. Riƙe shi nesa da bodin kamar santimita 20 zuwa 25. Fara danna feshin kafin ka iso motar, ka wuce ta da gudu ɗaya, ka saki bayan ka wuce. Kada feshi ya fara ko ya tsaya a kanta. Zagaye biyu na farko raɓa kawai ake so, har kana hango firaima ta ƙasa. Jira minti 15 tsakanin kowane zagaye. Na uku da na huɗu ne za ka ɗan rage gudu har fuskar ta yi sheƙin jiƙa, ka tsaya nan. Daƙiƙa ɗaya bayan wannan sheƙin ita ce fenti ke zuba ya yi hawaye. In ya zuba, kada ka taɓa, bar shi ya bushe kwana uku ka goge ka maimaita. In kuma fuskar ta fito da gurje-gurje kamar bawon lemo, ka yi nisa da yawa ne ko zafi ya busar da fentin tun yana iska.

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗan da takardar cikin kwali ba za ta gaya maka ba. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin ka fara, kuma da ka gama fesawa ka kife babbar roba mai tsabta a kan motar, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya don iska. Da bazara, yi feshi da sassafe kafin rana ta ɗaga, kada kuma ka shanya bodi a rana don ya yi saurin bushewa, zai lanƙwashe. Da damina, in hadari ya haɗu ko an ɗauke ruwa yanzu, haƙura; laima tana sa laka ya yi fari-fari kamar hazo. Kullum a waje ko a baranda ake feshi, nesa da murhu da janareta, da abin rufe hanci mai tace tururin fenti. Takunkumin ƙyalle ƙura kawai yake tarewa.

Sai jira. Laka yana son mako guda, enamel ya fi haka. Kai hanci kusa da bodin. Muddin kana jin warin fenti, bai gama ba.

Ciki, ƙasa da tayoyi

Makon jiran nan shi ne lokacin sauran aikin. Yi wa ƙananan sassa fenti da buroshi, shafa biyu ko uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri. Kada baƙi ya zama iri ɗaya ko'ina: dashbod baƙi ne marar sheƙi, kujerar leda tana da ɗan sheƙi, shasi tsaka-tsaki. Salansa ba azurfa ce tas ba, haɗa mata ɗan ruwan ƙasa. Dubi hoton motar gaske, ko ka leƙa garejin bakanike ka ga yadda ƙasan mota yake. Duk inda gam zai taɓa, kankare fentin wurin tukuna.

Tayoyin suna da layin zubi a tsakiyarsu. Goga su a kan samfefa 400 har ya ɓace, za su yi kamar sun taka titi. Robar taya mai laushi tana da wani sinadari da ke narkar da robar wili a tsawon shekaru, don haka yi wa bakin wilin fenti ko'ina kafin ka sa taya. Lokacin manne ƙafafun, ajiye shasin a kan gilashi ko tayil ka tabbata tayoyi huɗu sun taɓa ƙasa kafin gam ya kama.

Sitika, ƙyalli da gilashi

Sitikar cikin kwali ta ruwa ce. Yanko ɗaya, tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10 zuwa 15, ajiye a kan tsumma har ta fara zamewa daga takardarta. Jiƙa wurin da za ta zauna, zamar da ita kai tsaye daga takardar zuwa jikin motar, daidaita da jiƙaƙƙen buroshi, sannan mirgina tsinken auduga daga tsakiya zuwa gefe don fitar da ruwa. Fuska mai sheƙi take so. A kan fenti marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashinta ta yi fari. Bayan kwana biyu kana iya rufe bodin da fenti garau mai sheƙi, zagayen farko raɓa-raɓa don kada ya ƙona sitikar. In ya yi mako guda, goge da jiƙaƙƙiyar 2000 a hankali, ka kauce wa kusurwoyi inda fenti ba shi da kauri, ka bi da man goge fentin mota mai laushi a tsohuwar singileti. Sheƙin da ke fitowa a nan shi ne ladan jiran.

Bamba da sauran sassa masu ƙyalli ba sa kama gam sai ka kankare ƙyallin a wurin haɗi. In ƙyallin ya yi yawa kamar na kayan wasa, jiƙa sashen a bilicin wanki, zai wanke shi, ka yi masa fentin azurfa a kan baƙi. Bakin tagogi kuma, kafa salatif ka bi da baƙi ko alƙalamin ƙyalli. Layukan ƙofa, ɗiga musu baƙin fentin mai da aka tsinka sosai, zai bi layin da kansa, ka share abin da ya fita.

Gilashi ne na kusan ƙarshe. Kada sufa-gulu ya kusance shi, tururinsa yana barin farin hazo da ba ya fita, gam ɗin roba kuma yana cin sa. Ɗiga farin gam da tsinken sakace a gefuna, ka share sawun yatsunka daga cikin gilashin kafin ka rufe, domin bayan an ɗora bodi a kan shasi babu sauran shiga. Buɗa gefen bodin kaɗan, shigar da baya tukuna sannan gaba. Madubai, waifa, eriya da lamba su ne na ƙarshe, don su ne ke fara karyewa.

Raya tsohuwar motar ƙarfe

Wadda ka tsinto a gwanjo duk fenti ya ƙuje tana iya dawowa. Ƙusoshin ribit ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ita a ƙasa. Huda tsakiyar kowanne da siririn bakin diril, sannan ka cinye kan da babba, ƙasan zai rabu da bodi. Ware gilashi da kujeru, domin maganin cire fenti yana narkar da su. Bodin ƙarfen kaɗai za ka jiƙa. Wanke, goge da burushin waya mai laushi, firaima ta ƙarfe, launi, sannan ka mayar da ƙasan da ƙaramin sukuru ko ɗigon gam mai haɗi biyu. Amma in motar tsohuwa ce ta gaske, irin Dinky ko Lesney ko mai jan zobe, bar ta da fentinta na asali ko ya ƙuje. Masu tarawa sun fi daraja ta a haka fiye da wadda aka sabunta.

Adanawa

Kabad mai ƙofar gilashi, a bangon da rana ba ta bugawa. Hasken rana yana kashe launi, yana mayar da farin fenti da gilashi rawaya, zafi kuma yana busar da taya ta tsage. In ƙofar tana da rata, liƙa mata siririn soso don hunturu. Jefa 'yan ƙunshin nan na tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a kusurwoyi, ka sauya su bayan damina. Kwalaye da fakitin da ba a buɗe ba suna cikin darajar mota, gara da kyankyaso kuma suna son su, don haka a sa su a robar da ke rufuwa ruf, a ɗaga daga ƙasa. Manyan motocin 1:18 suna da nauyi, tayarsu takan baje ko ta manne da katako in sun daɗe a wuri ɗaya; sa ɗan tallafi a ƙarƙashin shasi, ko ka riƙa gusar da su lokaci-lokaci.

Ƙura ana share ta da buroshin kwalliya mai laushi, ba da tsumma ba, don tsumma na fizge madubi. Ɗauki mota ta ƙasanta, da hannu biyu in babba ce. Yara za su so taɓawa, kuma ƙananan sassa haɗari ne ga mai rarrafe, don haka kabad ya kasance da makulli, a kuma ware musu nasu Hot Wheels biyu ko uku da za su tura a tsakar gida. Sannan ka buɗe littafi ko fayil a waya, ka rubuta sunan kowace mota, kamfani, ma'auni, ranar da ka same ta da kuɗin da ka biya. Ga waɗanda ka haɗa da hannunka, ƙara da irin firaima da fentin da ka yi amfani da su da kwanakin da kowanne ya ɗauka kafin ya bushe, da watan da ka yi feshin, domin ranar da madubi ya karye ko ƙofa ta ƙuje za ka buƙaci launin nan daidai.